Yadda ƙwayoyin ƙarfe da haske ke gano yoyon iskar gas

Iskar haidirojin ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma da ɗanɗano. Idan ta tsiyaya daga tanki ko bututu har ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar da ke cikin ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa ya haddasa gobara.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masana kimiyya a ƙasashen Suwidin da Holand da Jamus da kuma Amurka suka shafe kusan shekaru ashirin suna ƙoƙarin ƙera na'urar da za ta riƙa gano irin wannan yoyo da haske kawai, ba tare da wutar lantarki ta kusanci inda gas ɗin yake ba.

Jigon na'urar wani ɗan gilashi ne da bai wuce girman farce ba, wanda aka jera miliyoyin ƙwayoyin ƙarfe a kansa sahu-sahu. Da zarar gas ya taɓa ƙwayoyin sai launinsu ya ɗan sauya, kuma wannan sauyi ne ake aunawa domin sanin cewa akwai gas a wurin, da kuma yawansa.

Ƙanƙantar ƙwayoyin

Ana auna waɗannan ƙwayoyi ne da wani ma'auni da ake kira nanomita. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan ɗaya, to kowane kaso shi ne nanomita ɗaya.

Kaurin silin gashin kan ɗan Adam ya kai kimanin nanomita dubu 80. Ƙwayoyin da ake amfani da su a irin waɗannan na'urori kuwa, faɗinsu yakan kama daga nanomita 20 zuwa 200, wato za a iya jera 400 daga cikin manyan a faɗin silin gashi guda.

Muhimmancin wannan ƙanƙanta yana fitowa ne idan aka kwatanta ta da haske. Haske yana tafiya ne igiya-igiya, kamar yadda siginar rediyo ke tafiya. Masu sauraron rediyo sun saba jin ana cewa tasha kaza tana kan mita 19 ko mita 25 a gajeren zango, kuma wannan adadi tsawon igiyar tashar ne. Haske ma yana da nasa tsawon, sai dai gajere ne ainun. Yana farawa daga kimanin nanomita 400 a ɓangaren shunayya da shuɗi, ya ƙare a kimanin nanomita 700 a ɓangaren ja.

Ke nan ƙwayar ƙarfen ba ta kai tsawon igiyar hasken da ke sauka a kanta ba. A irin wannan hali ƙarfe yakan bar launin da aka san shi da shi. Zinari yakan koma ja wur idan aka mayar da shi ƙwayoyi masu faɗin nanomita 20 zuwa 40, azurfa kuma takan koma ruwan ɗorawa.

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro ya ga haka da idonsa, domin jan layin da ke fitowa a galibin waɗannan 'yan sandunan gwaji, da ma na gwajin juna biyu, tarin ƙwayoyin zinari ne.

Fasahar da ta riga iliminta

Masu sana'ar hannu sun daɗe suna cin moriyar wannan ɗabi'a ta ƙarfe tun kafin a san dalilinta.

A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi da aka ƙera a daular Rum a ƙarni na 4 miladiyya, wanda ake kira kofin Lycurgus. Idan haske ya sauka a kansa daga gaba kore yake, idan kuma aka haska shi daga baya sai ya koma ja. A shekara ta 1990 aka duba gutsuren gilashin da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, aka tarar da ƙwayoyin azurfa gauraye da zinari masu faɗin nanomita 50 zuwa 100 a cikinsa.

A ƙarni na 9, zamanin daular Abbasiyawa, magina tangaran a Iraƙi sun ƙware wajen yin kwanuka da fale-falen ado masu ƙyalli kamar zinari, alhali babu zinari a cikinsu. Sukan shafa haɗin azurfa da jan ƙarfe a kan tangaran da aka riga aka gasa, sannan su sake gasa shi a tanda mai hayaƙi da ƙarancin iska. Hakan kan bar ƙwayoyin ƙarfe 'yan mitsi-mitsi a saman tangaran ɗin. Sana'ar ta bazu zuwa Masar da Farisa da Andalus, kuma har yau akwai irin waɗannan fale-fale kewaye da mihirabin babban masallacin Ƙairawan a Tunisiya.

Bayani na kimiyya ya soma ne da Michael Faraday na Birtaniya, wanda a shekara ta 1857 ya haɗa wani jan ruwa daga zinari, ya kuma bayyana cewa ƙananan ƙwayoyin zinari da ido ba ya gani ne suka ba shi launin. Har yanzu kwalaben nasa suna ajiye a Landan. A shekara ta 1908 wani Bajamushe mai suna Gustav Mie ya fitar da lissafin da ke nuna yadda girman ƙwaya ke tantance launinta, kuma da wannan lissafi ake aiki har gobe.

Daga ina launin yake fitowa?

Kowane ƙarfe yana ƙunshe da 'yan ƙananan ɓangarori masu ɗauke da cajin lantarki da ake kira ilektiron. Wasunsu ba a ɗaure suke ba, suna yawo ne a cikin ƙarfen, kuma su ne ke sa ƙarfe ɗaukar wutar lantarki.

Idan haske ya sauka a kan ƙwaya, sai ya riƙa tura waɗannan ilektiron gefe guda yana dawo da su, kimanin sau tiriliyan 500 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tun da ƙwayar ƙarama ce ba su da wurin zuwa, don haka sai su riƙa kai da komo gaba ɗayansu, kamar ruwa a cikin ƙwarya idan ana girgiza ta.

Mai ɗauke da ƙwaryar ruwa ya san cewa akwai wani irin taku da idan ya yi shi, ruwan zai yi ta tambal-tambal har ya zube. Haka ita ma kowace ƙwaya tana da launin haske guda da bugunsa ya dace da nata. Idan wannan launi ya same ta, kai da komon yakan yi ƙarfi matuƙa, sai ta shanye wani kaso na hasken ta watsa wani. Masana suna kiran wannan motsi na bai-ɗaya da suna filasmon.

Ƙwayar zinari mai siffar ƙwallo tana shanye koren haske ne, mai tsawon igiya kimanin nanomita 520. Idan aka cire kore daga farin haske, abin da ya rage ja yake bayyana ga ido.

Ta wannan fuska ƙwayar ƙarfe tamkar eriyar rediyo ce da aka saita a kan tasha guda. Kuma kamar eriya, tana tattara ƙarfin igiyar da ta kama a dab da jikinta, cikin tazarar da ba ta wuce nanomita 10 zuwa 30 ba. Duk abin da ya shiga wannan ɗan fili, ƙwayar za ta ji shi.

Abubuwan da ke sauya launin

Abubuwa huɗu ne ke tantance launin da ƙwaya ke kamawa. Na farko shi ne irin ƙarfen, na biyu girman ƙwayar, na uku kuma siffarta. Idan ƙwaya ta ƙara girma, ko ta yi tsawo kamar sanda, ko ta yi kusurwoyi masu tsini, launin da take kamawa yakan karkata zuwa ɓangaren ja.

Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙin aikin gano gas, shi ne abin da ke kewaye da ƙwayar. Kowane abu da haske ke ratsawa yana da gwargwadon yadda yake rage masa gudu ya kuma tanƙwara shi, abin da ke sa sanda ta zama kamar karyayya idan aka tsoma ta a ruwa. A ma'aunin wannan tanƙwara iska tana da 1.0003, ruwa 1.33, gilashi kuma kimanin 1.5. Duk lokacin da wannan adadi ya ƙaru a gefen ƙwaya, launin da take kamawa yakan ƙara matsawa zuwa ja.

Ana karanta wannan matsawa ne da fitila da kuma na'urar da ke rarraba haske zuwa launukansa kamar bakan gizo. Launin da ƙwayoyin suka shanye yakan fito a allon kwamfuta kamar wani tudu, kuma idan gas ya iso sai ƙololuwar tudun ta gusa.

Matsalar ita ce iskar gas ba ta da kauri. Bambancin da ke tsakanin wani gas da wani a wannan ma'auni yana can a lamba ta huɗu bayan ɗigo. A shekara ta 2010 masu bincike a jami'ar Northwestern da ke Amurka, ƙarƙashin Richard Van Duyne, sun iya bambance iskar hiliyom da agon da naitirojin da ƙwayoyin azurfa tsirara, to amma gusawar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nanomita ba. Auna irin wannan a wajen ɗakin gwaje-gwaje abu ne mai wuyar gaske.

Amfanin jera su sahu-sahu

A nan ne tsarin jeri ya shigo. Ƙwaya guda, ko tarin ƙwayoyin da aka watsa barkatai, ba launi ɗaya tak suke kamawa ba, suna haɗawa da na maƙwabta. Tudun da suke bayarwa mai faɗi ne, yakan kai nanomita 80 ko fiye a zinari, a wasu ƙarafan ma ya kai ɗaruruwa. Gano 'yar ƙaramar gusawa a tudu mai irin wannan faɗi daidai yake da neman tsakiyar tasha a rediyon da tashoshi ke hawa kan juna.

Idan kuwa aka jera ƙwayoyin a sahu, aka bar tazara iri ɗaya a tsakaninsu wadda ta yi kusa da tsawon igiyar hasken, sai lamarin ya sauya. Hasken da kowace ƙwaya ta watsa yakan bi shimfiɗar gilashin ya isa ga maƙwabciyarta a daidai lokacin da zai ƙarfafa motsinta. Da haka dubban ƙwayoyi kan koma suna bugu tare, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya.

Sakamakon haka tudun yakan tsuke ya koma siriri, faɗinsa ya sauka ƙasa da nanomita 10 a jeri mai kyau. Siririn tudu kuwa ko yaya ya gusa za a gani.

Asalin wannan ilimi ya koma shekara ta 1902, lokacin da Robert Wood na Amurka ya lura da wasu baƙin layuka a hasken da ke tashi daga ƙarfen da aka yi wa ƙananan zane-zane a jere. Lord Rayleigh na Birtaniya ya ba da bayaninsu a 1907. A shekara ta 2004 George Schatz da abokan aikinsa a jami'ar Northwestern suka nuna da lissafi cewa jerin ƙwayoyi zai ba da siririn tudu, sannan a 2008 aka tabbatar da haka a gwaje-gwajen da aka gudanar a jami'o'in Manchester da Exeter na Ingila da kuma Harvard ta Amurka.

Akwai kuma wata fa'idar ta daban idan aka matso da ƙwayoyi biyu dab da juna, tazararsu ba ta wuce 'yan nanomita ba. Ƙarfin haske yakan taru a wannan ɗan tsukin fiye da ko'ina, ya mayar da shi wurin da ya fi jin duk wani baƙon abu.

Yadda ake ƙera jerin

Idan tazarar ƙwayoyi nanomita 500 ce, to fili mai faɗin milimita ɗaya da tsawon milimita ɗaya zai ɗauki ƙwayoyi miliyan 4. Babu hannun da zai jera su ɗaya bayan ɗaya.

Hanya mafi daidaito ita ce a shafa wata irin roba a kan gilashi, a zana gurbin kowace ƙwaya da siririn harshen ilektiron, a wanke inda aka zana, sannan a turara ƙarfe a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska domin ya sauka a guraben. Aikin yana da kyau, amma yana cin lokaci da kuɗi.

A shekara ta 1995 Van Duyne da wani ɗalibinsa suka yaɗa wata hanya mai sauƙi. Ana zuba 'yan ƙwallayen roba masu girma ɗaya a kan gilashi, su jera kansu da kansu kamar lemo a faranti. Idan aka turara ƙarfe daga sama, sai ya sauka a 'yan kafofin da ke tsakaninsu, kamar a barbaɗa gari a kan lemon. Bayan an ɗauke ƙwallayen, abin da zai rage shi ne ƙwayoyi masu kusurwa uku a jere.

A wannan shekarar ce kuma Stephen Chou ya fito da hanyar buga tsarin da hatimi a kan roba mai taushi, wadda ke ba da damar yin kwafi masu yawa daga hatimi guda.

Hanyoyin kama gas

Tun da ƙwayoyin zinari da azurfa ba sa bambance gas da kyau su kaɗai, masana suna bin hanyoyi uku.

Ta farko ita ce a lulluɓe ƙwayoyin da wani abu mai tsotse gas ɗin da ake nema. An soma wannan dabara ne a jami'ar Linköping ta Suwidin a shekara ta 1982, inda aka gano iskar halotan, wadda likitoci ke sa majiyyaci barci da ita, ta amfani da siririyar shimfiɗar azurfa. A 2010 masu bincike a Northwestern suka lulluɓe ƙwayoyin azurfa da wani sinadari mai ramuka kamar soso, wanda ke tara iskar kabon dayoksaid a gefensu, abin da ya ninka ƙarfin alamar fiye da sau goma.

Ta biyu ita ce a ajiye ƙwayar zinari a matsayin mai gadi, a gefen wani abu da gas ke sauyawa. Zinarin ba ya shiga harkar, rahoto kawai yake bayarwa. A shekara ta 2011 Na Liu da Harald Giessen da Paul Alivisatos da abokan aikinsu suka nuna cewa eriyar zinari guda mai kusurwa uku za ta iya ba da labarin abin da ke faruwa a ƙwaya guda da aka ajiye a bakin tsininta. A birnin Albany na jihar New York kuma an binne ƙwayoyin zinari a cikin wani tangaran mai jure wuta, aka auna kabon monoksaid da wasu iskoki a zafin digiri 500, irin yanayin da ake samu a injunan samar da lantarki.

Ta uku ita ce a yi ƙwayoyin da ƙarfen da shi kansa yake shan gas ɗin. Wannan ita ce hanyar da ta fi nisa, kuma a kan haidirojin aka fi gwada ta.

Faladiyom da haidirojin

Faladiyom wani farin ƙarfe ne mai tsada, dangin filatinom, wanda aka fi haƙowa a Rasha da Afirka ta Kudu. A shekara ta 1866 Thomas Graham ya gano a Landan cewa ƙarfen yana shan iskar haidirojin, har kimanin ninki 900 na girmansa.

Idan iskar ta shiga cikinsa yakan kumbura da kusan kashi 10 cikin ɗari, yanayin ilektiron ɗinsa kuma ya sauya. Duka biyun suna gusar da launin da ƙwayar ke kamawa. Idan iskar ta janye sai ƙarfen ya amayar da abin da ya sha, launin ya koma yadda yake.

A shekara ta 2007 Christoph Langhammer da Bengt Kasemo da abokan aikinsu a jami'ar fasaha ta Chalmers da ke birnin Gothenburg a Suwidin suka nuna cewa za a iya bin diddigin shigar haidirojin cikin 'yan faya-fayan faladiyom ta hanyar kallon launinsu.

Sai dai tsantsar faladiyom yana da aibi uku. Yana da jinkiri. Adadin da yake nunawa idan gas na ƙaruwa ya bambanta da wanda yake nunawa idan yana raguwa. Sannan iskoki irin su kabon monoksaid suna manne masa su toshe hanyar shiga.

An magance aibi na biyu ta hanyar gauraya shi da zinari kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. A shekara ta 2019 kuma ayarin na Chalmers, tare da Ferry Nugroho ɗan ƙasar Indunusiya, ya lulluɓe ƙwayoyin da roba hawa biyu. Ɗaya irin wadda ake shafa wa kaskon suya ce don kada abinci ya kama, kuma an tarar tana hanzarta shigar iskar. Ɗayar kuma tana aiki kamar rariya, ta bar haidirojin ya wuce ta tare sauran. Na'urar ta gano haidirojin da yawansa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba a ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wanda shi ne mizanin saurin da ma'aikatar makamashi ta Amurka ta gindaya.

A shekara ta 2022 masu bincike a Amstadam da Eindhoven na Holand, tare da na Chalmers, suka sa kwamfuta ta lalubo girman ƙwaya da tazarar sahu da suka fi dacewa. Jerin da suka ƙera ya gano haidirojin a ɗakin gwaji har zuwa kashi 250 cikin biliyan ɗaya. Ƙarfen bai sauya ba, tsarin jerin ne ya kawo bambancin.

Me ya sa aka fi son haske?

Akwai na'urorin gano gas a kasuwa tun da daɗewa. Wasu suna ƙona gas ɗin a kan wani ɗan dutse mai zafin digiri 500 ko kusa da haka, su auna ƙarin zafin. Wasu suna amfani da sinadarin kuza da ake ɗumamawa, dabarar da Naoyoshi Taguchi na Japan ya kai kasuwa a ƙarshen shekarun 1960. Wasu kuma suna aiki kamar ƙaramin batir. Dukkansu suna buƙatar waya da lantarki a inda gas yake, don haka dole a killace su da kyau.

Haidirojin yana kama wuta idan yawansa a iska ya kasance tsakanin kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari, kuma ƙarfin tartsatsin da yake buƙata bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wanda tururin fetur ke buƙata ba. Harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. Gas ɗin girki ana zuba masa sinadari mai wari domin a ji idan yana yoyo, amma irin wannan sinadari yana lalata injin da ke mayar da haidirojin lantarki a cikin mota.

An ga illar taruwar wannan iska a watan Maris na 2011, lokacin da ta tarwatsa gine-gine uku a tashar nukiliya ta Fukushima a Japan. A watan Yunin 2019 ma wani gidan sayar da haidirojin ga motoci ya yi bindiga a garin Sandvika kusa da Oslo, babban birnin Norwe, sakamakon yoyo daga wani tanki.

A na'ura mai aiki da haske, ɗan gilashin ne kawai yake zama a wurin haɗari. Fitila da kwamfuta suna iya kasancewa can nesa, a haɗa su da zaren gilashi mai ɗaukar haske. Babu waya, babu tartsatsi, kuma maganaɗisun manyan injuna ba ya rikita awon.

Sauran rina a kaba

Duk da wannan ci gaba, akwai matsalolin da ba a kammala warwarewa ba.

Babba daga cikinsu ita ce laima. Tururin ruwa yakan kwanta a kan faladiyom ya dakushe shi. A shekara ta 2024 ayarin Chalmers ya ba da rahoton cewa ɗumama gilashin, tare da sa kwamfuta mai koyo ta karanta dukkan launukan a maimakon ƙololuwar tudu kawai, ya ba da damar gano kashi 100 cikin miliyan a iska mai laima.

Zafi da sanyi ma suna gusar da launin, don haka dole a bambance gusawar da gas ya jawo da wadda yanayi ya jawo. Azurfa ta fi zinari ba da siririn tudu, amma tana yin baƙi idan ta haɗu da iska mai farar wuta. Ƙura kan toshe hanyar haske. Bugu da ƙari siririn tudun da jeri ke bayarwa yana buƙatar haske ya sauka ta kusurwa guda, abin da ke ƙara wahalar haɗa na'urar.

Akwai kuma batun kuɗi. Ƙarfen da ke kan gilashi ɗaya bai taka kara ya karya ba, domin kaurinsa bai wuce nanomita 20 zuwa 30 ba. Tsadar tana wajen ƙera jerin da kuma na'urar karanta launuka, shi ya sa ake ƙoƙarin maye gurbinta da 'yan ƙananan fitilu da idon lantarki masu araha.

Inda aka kwana

Galibin wannan aiki yana ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i ne, ko da yake kamfanin Insplorion, wanda ya samo asali daga jami'ar Chalmers, ya ƙera na'urorin auna haidirojin da na gurɓatar iskar birane bisa wannan fasaha.

Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi. Hukumar makamashi ta duniya ta ce an yi amfani da haidirojin kimanin tan miliyan 97 a shekara ta 2023, akasari a matatun mai da masana'antun takin zamani. Irin waɗannan masana'antu, ciki har da na Lekki a jihar Legas da na Eleme a jihar Ribas a Najeriya, suna sarrafa wannan iska a kullum, domin da ita ake haɗa sinadarin amoniya da ake yin takin yuriya da shi. Kamfanin Toyota ya fara sayar da mota mai aiki da haidirojin a 2014, kuma wasu ƙasashe suna shirin tura iskar ta bututu zuwa masana'antun ƙarfe.

Ga magidanta kuwa, na'urorin da ke yin ƙara idan tukunyar gas tana yoyo, ko idan hayaƙin janareta ya taru a ɗaki, na tsohuwar fasaha ne, kuma suna aikinsu yadda ya kamata. Jerin ƙwayoyin ƙarfe an nufe shi ne da wuraren da tartsatsi ɗaya ko jinkirin daƙiƙa kaɗan zai iya jawo asarar rayuka.